Tausayi da Jinƙai a Misalin Basamariye: Nazarin Jigo da Salo

1.0 Gabatarwa

Misalin Basamariye, wanda ya zo a Linjilar Luka 10:25-37, yana hannun masu karatun Hausa tun kafin fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a shekarar 1932. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jigon labarin yana cikin salonsa, wato yadda aka auna tausayi da ma'aunin aiki.

2.0 Zubi da Tsari

Wani masanin Attaura ne ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, shi kuwa ya amsa masa da labari. An gina labarin a kan hanyar Urushalima zuwa Yariko, mai tsawon kimanin kilomita 27 da gangaren kusan mita 1,000, wadda ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. Mutum uku suka tarar da wanda aka yi wa fashi kwance, rai a hannun Allah, kuma dukkansu sun gan shi. Firist da Balawe aikatau biyu kacal aka ba su: gani da ratsewa. Basamariye kuwa, wanda Yahudawa ba sa ga-maciji da mutanensa, an jero masa ayyuka bi da bi: ya matso, ya zuba mai da ruwan inabi, ya ɗaure raunuka, ya ɗora majinyacin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya yi jinyarsa. Washegari ya biya dinari 2, wato ladan ma'aikaci na kwana 2 bisa lissafin Matiyu 20:2, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai ƙaru.

3.0 Kalmomi Biyu

Kalmar Helenanci da ke aya ta 33 ta samo asali daga sunan kayan ciki, ma'ana abin ya motsa mutum tun daga hanjinsa. Sau 3 Luka ya yi amfani da ita: a kan gwauruwar Nayin (7:13), da nan, da kuma mahaifin ɗan da ya ɓata (15:20). A kowane wuri gani ne ya gabace ta, aiki ya biyo baya. A aya ta 37 sai aka kawo wata kalma dabam, aka haɗa ta da aikatau na yi. Hausa na da wannan bambanci: tausayi kama mutum yake yi, jinƙai kuwa yin sa ake yi. Mai fassara ko mai wa'azin da ya cakuɗa su ya ɓatar da tafiyar labarin daga zuciya zuwa hannu.

4.0 Tsokaci a kan Sharhin Magabata

Agustin (354-430) ya ɗauki wanda aka raunata a matsayin Adamu, Basamariye a matsayin Almasihu, masauki kuma ikkilisiya. Wannan sharhi na da zurfi, amma a ganina yana da illa guda: yana mayar da mai karatu majinyaci, ya sauke masa nauyin taimako. Martin Luther King ya fi kusa da nassin a jawabinsa na Memfis, ranar 3 ga Afrilu 1968, inda ya nuna cewa biyun farko makomar kansu suka duba, Basamariye kuwa makomar wanda ke kwance.

5.0 Kammalawa

A ƙarshe Yesu ya juya tambayar, ya nemi a faɗi wanda ya zama maƙwabci ga majinyacin. Ke nan maƙwabtaka zama ake yi, ko da ba a haɗa katanga ba. Tsoron da ya ratsar da firist bai ƙare ba: a Nijeriya sai da aka yi doka a 2017 domin asibitoci su karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Doka na iya rage tsoro, amma tsayawa a bakin hanya yana wuyan wanda ya gani.