Daga Allo Zuwa Bango: Tsokaci a Kan Gwanayen Zane na Sudan da Ɗan Koyo Bahaushe na Abu Hujar

1.0 Gabatarwa

Kowane ɗan koyo da gwaninsa. Yaron maƙera yana da maƙerin da yake satar kallon hannunsa, almajiri kuma yana da alaramman da yake kwaikwayon jan baƙinsa. Haka abin yake a fagen zane. Wannan takarda ta ɗauki matashi Bahaushe mai sha'awar zane da ya tashi a ƙauyukan Abu Hujar, kudu da Sinja a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, ta dubi gwanayen da zai fara cin karo da sunayensu idan ya nemi wanda zai yi koyi da shi, sannan ta auna abin da ya dace ya ɗauka daga gare su.

Ga ɗalibin da bai san yankin ba, Hausawa sun daɗe a gaɓar wannan reshe na kogin Nilu da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ. Wasu hanyar aikin Hajji ce ta kawo kakanninsu, wasu kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Aikin noman auduga na Jazira, da ya kankama bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, ya ƙara jawo wasu. Sun zo da harshensu da sana'o'insu, sun kuma zo da allo.

Akwai matsalar kalma da ya kamata a share tun daga farko. Hausa tana amfani da "zane" ga jan layi a ƙasa, da ƙawata ƙwarya, da hoton da aka yi da hannu, har da tufar da mace ke ɗaurawa. A wannan takarda "mai zayyana" shi ne wanda ke tsara siffa da rubutu domin wani amfani, kamar bangon littafi ko takardar kuɗi ko allon sauka. "Mai zanen littafi" kuwa shi ne wanda hotonsa ke tafiya tare da labari.

2.0 Ibrahim Salahi

Sunan da ya fi kowane girma shi ne na Ibrahim Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, wadda a Sudan ake kira halwa, don haka da allo da tawada ya buɗe ido. Ya yi karatun zane a Khartum, sannan a makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957. Ya komo gida da hannun da ya goge a kan salon Turawa, ya baje kolin aikinsa, mutane suka zo bikin buɗewa suka watse, ba su ƙara leƙowa ba. Shi da kansa ya sha ba da wannan labari a hirarrakinsa. Abin da ya yi bayan nan shi ne darasin. Ya zagaya yana duba abin da mutane ke ratayewa a ɗakunansu da abin da suke ƙawata kayansu da shi: ayoyi da aka rubuta da kyakkyawan hannu, da saƙar faifai da tabarma, da adon fata, da allon da aka yi wa ado. Ya fara sanya ƙananan rubuce-rubucen Larabci a gefen zanensa, sai mutane suka fara matsowa suna karantawa. Daga nan ya shiga warware harafin kansa, yana miƙe shi yana lanƙwasa shi, har siffofin mutane da dabbobi da tsuntsaye suka riƙa fitowa daga cikin gaɓoɓinsa.

Idan aka dubi zanensa na masallaci na 1964, wanda ke gidan adana zane na MoMA a New York, za a ga hasumiya da doguwar fuska mai kama da abin rufe fuska, da layukan da suka yi kama da rubutu amma ba sa karantuwa. Launukan kuwa na ƙasar Sudan ne, wato baƙi da fari da ja mai duhu da ruwan ƙasa. Babban zanensa na sautukan mafarkin ƙuruciya, wanda ya yi tsakanin 1961 da 1965 kuma yake hannun gidan Tate na Landan, a kan dammuriya ya yi shi, wato ƙyallen auduga saƙar hannu. Nijeriya ma tana da rabo a tarihinsa, domin ƙungiyar Mbari ta Ibadan ta baje aikinsa a 1961, ta kuma buga ɗan littafin zane-zanensa a 1962.

Amma inda hannun Salahi ya fi ƙarfi shi ne baƙar tawada a kan farar takarda, kuma a nan ne ɗan koyo mai ƙaramin ƙarfi zai fi amfana da shi. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba tare da shari'a ba, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A can ya riƙa yin zane a ɓoye da guntun fensir a kan yage-yagen takardar buhun siminti, yana binne su cikin rairayi idan masu gadi suka nufo. Wannan takura ta zame masa hanyar aiki: ya fara da ƙwaya ɗaya a ƙaramar takarda, ya ƙara wata takardar a gefenta, zanen ya yi ta yaɗo kamar kabewa. Da wannan dabara ya gina babban aikinsa na 1984 zuwa 1985 mai fanni tara, wanda ke nuna jama'a sun miƙe a kan zalunci. Yaron da ba shi da kuɗin fenti ba shi da hujjar cewa rashin kaya ne ya hana shi.

Ta fuskar zanen littafi, hotunan da ya yi wa fassarar Ingilishi ta Ursuz Zain, littafin Ɗayyib Salih, abin nazari ne. Bai tsaya maimaita abin da marubuci ya riga ya faɗa ba. Ya ba da yanayin mutanen ƙauyen da 'yan layuka, ya bar wa mai karatu sauran. Wannan ya saɓa wa al'adar da ta yi yawa a bangon littattafan soyayya na Kano, inda hoto kan tona duk abin da ke ciki tun kafin a buɗe shafin farko.

Akwai kuma jerin zanensa na bishiya da ya duƙufa a kai bayan ya koma Oxford a 1998. Bishiyar ita ce haraz, wadda ba wata ba ce illa gawo. Bahaushe manomi ya san halin gawo sarai: yana kaɗe ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke yin kore, ya yi ganye da rani lokacin da saura suka bushe. Salahi ya rage shi zuwa gangar jiki ɗaya a tsaye da layuka a gicciye, wani lokaci har ya fi kama da shafin da aka ja wa layi domin rubutu. Mai kallo a Landan, inda gidan Tate Modern ya yi baje kolin aikin rayuwarsa a 2013, sai an yi masa bayanin bishiyar. Ɗan Abu Hujar kuwa a ƙarƙashinta ake ɗaure awakin gidansu.

3.0 Mai Rubutu da Mai Barkwanci

Usman Waƙi'allah (1925 zuwa 2007) ɗan Rufa'a ne, a gaɓar wannan kogi dai. Ya yi karatu a Ingila, ya kuma karɓi ijazar rubutu a Alƙahira. Shi mai zayyana ne a cikakkiyar ma'anar kalmar: ya buɗe ɗakin aikinsa a Khartum a shekarun 1950, ya yi rubutun takardun kuɗin Sudan na farko, daga baya ya yi wa kamfanin De La Rue mai buga kuɗi aiki a Ingila. Bambancinsa da Salahi shi ne bai yarda harafi ya narke ba. Yakan zana babban harafi guda ya cika cikinsa da gefensa da ƙananan rubutu, amma komai yana karantuwa. Ga yaron da zai ci abinci da rubuta allon shago da bayan mota, Waƙi'allah ya fi Salahi kusa da buƙatarsa, ko da yake sunansa bai kai nasa amo ba.

Sharhabil Ahmad, wanda aka haifa a 1935, an fi saninsa da kiɗa da waƙa, amma ya shafe shekaru yana zane a mujallar yara ta Assibyan, wadda aka fara bugawa a 1946. Ɗan barkwancin nan Ammak Tango da ya daɗe yana zanawa ya shiga makarantun ƙauye da ba su taɓa jin labarin wani gidan baje koli ba. Masu nazari sukan tsallake irin wannan aiki don na yara ne, alhali shi ya fara nuna wa dubban yaran Sudan cewa ana iya ba da labari da hoto.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Salahi da Ahmad Shibrain da abokansu su ne aka yi wa laƙabi da Mazhabar Khartum, sunan da ake jinginawa ga Denis Williams, ɗan ƙasar Guyana da ya koyar a can. Tun a shekarun 1970 aka fara sukar su daga cikin gida. Hasan Musa da Abdullahi Bola sun yi zargin cewa an mayar da "gado" hajar da ake sayar wa baƙi, kuma haɗa harafin Larabci da adon Afirka ya zama wata ƙa'ida da ake bi ido rufe. Kamala Ibrahim Is'haƙ, wadda da farko tana cikin tafiyar, ta ja nata ayarin daban, ta mai da hankali ga rayuwar mata da tsirrai da bikin zar, wanda ya yi kusa da borin ƙasar Hausa. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, musamman a kan mabiya. Abu ne mai sauƙi mutum ya watsa wasu haruffa a kan ruwan ƙasa, ya ƙara jinjirin wata, ya ce ya yi zanen Sudan. Ko a aikin Shibrain, duk da ƙwarewarsa wajen sarrafa baƙi da fari, akwai wuraren da harafi ya zama ado kawai. Ɗan koyon da ya kwafi wannan fuska ya ɗauki ɓawo ne ya bar ƙwaya, domin abin da Salahi ya yi shi ne komawa ya dubi abin da mutanensa ke kallo, ba kwafar wani gwani ba.

A nan ne lamarin Bahaushen Abu Hujar ya zama abin lura. Abin da Salahi ya sha wahalar komowa gare shi bayan Landan, wato allon da aka yi wa ado, shi yaron yana da shi ta fuska biyu. A halwar Sudan ana kiran adon sharafa, ana yi wa ɗalibi idan ya kai wani mataki na karatu, ya zaga da allon a ba shi kyauta. A ƙasar Hausa kuwa zayyana ce, wadda ake yi wa allon sauka. Tawadar ma kusan ɗaya ce, kunkunniya ko gawayi da ƙaro, ga kuma ƙaron nan ana tsintarsa a dazukan yankin. Mai zayyana yana raba fuskar allo gida-gida, ya kewaye rubutu da sarƙaƙƙun layuka, ya cike da ja da rawaya da kore, ba tare da ma'auni ba sai ido da zare. Haka marubutan Alƙur'ani na Kano da Barno suke ƙawata alamomin izu da nusufi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada, kowane da irin da'irarsa. Wanda ya iya wannan ya riga ya san daidaito da maimaici da yadda ake barin fili ya huta, waɗanda su ne ake biyan kuɗi a koya a kwaleji. Ga kuma aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi a bangon soro. Wannan hanya tana da wani amfani kuma: gidan da malamai suke ƙyamar zana mai rai ba ya hana yaro zayyana.

To me ya sa ba a lissafa masu wannan aiki cikin gwanaye? Amsar tana ga suna. Salahi yana sa hannu a ƙasan zanensa, gidajen adana zane su rubuta shekara da girman aikin. Mai zayyanar allo ba ya sa suna, allon kuma yakan ƙare a rataye har launinsa ya koɗe. Inda aka samu suna, an samu gwani: ana tunawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu saboda masallacin Juma'a na Zariya, an kuma san Sharu Bala Gabari na Kano saboda an buga Alƙur'anan da ya rubuta da hannu, sun bazu a kasuwanni. Littattafan tarihin zanen Sudan suna yawan ambaton halwa da sharafa a matsayin tushen da manyan suka sha daga gare shi, amma a dunƙule, kamar rijiya ce da ba wanda ya haƙa. Ga al'ummar da aka daɗe ana kira Fallata ko Takari, ana yi mata kallon baƙuwa ko da kakanninta a nan aka binne su, wannan rashin suna ba ƙaramin abu ba ne. Rikicin 2022 a jihar Nilul Azraƙ, wanda ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu da yawa, a kan tambayar wane ne ɗan ƙasa ya taso.

5.0 Bango da Waya

Gwanayen wannan ƙarni ta waya suke isa ƙauye. Khalid Albaih ya yi suna da zanen barkwancin siyasa da yake yaɗawa ta intanet tun lokacin boren ƙasashen Larabawa na 2011, kuma ƙarfinsa shi ne taƙaitawa, siffa ɗaya ko biyu su ɗauki maganar shafi guda. A zaman dirshan na 2019 a gaban hedikwatar soja a Khartum, matasa irin su Ala Satir sun cika bangaye da hotuna, nata sun fi karkata ga matan da suka tsaya a sahun gaba. Bayan an tarwatsa zaman ranar 3 ga Yuni aka shafe da yawa daga cikinsu da fenti, sai hotunan da aka ɗauka da waya suka rage. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kori masu zane da dama zuwa Alƙahira da Nairobi da Kampala, aka wawashe gidan tarihi na ƙasa. Sinja kanta ta faɗa hannun dakarun RSF a ƙarshen Yunin 2024, soja suka karɓe ta a Nuwamba na shekarar. Iyalin da suka gudu da abin da hannu zai iya ɗauka ba lalle ne allon saukar kakansu yana ciki ba.

Akwai aiki a nan ga ɗalibin harshe. Al-Amin Abu-Manga ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausar Sudan ke aron kalmomi daga Larabcin ƙasar tana sajewa da shi. Kalmomin sana'ar allo fage ne mai kyau na gwada wannan: a zauna da mai yin adon a ji ko zayyana yake cewa ko sharafa, da sunan da yake ba kowane gida da kowace sarƙa da kowane launi, da wanda ya koya masa, da garin da wancan ya fito. A rubuta sunansa cikakke a gefen hoton allon, da ƙauyensa da shekarar da ya yi aikin.