Kwana Tara na Nuwamba: Nazari kan Farautar Barewa a Amurka

A jihar Wisconsin da ke arewacin Amurka, ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, tun kafin assalatu mutum fiye da rabin miliyan ke shiga daji da bindiga. Kusan kowa sanye yake da riga da hula ruwan lemo mai kashe ido, domin a 1980 doka ta tilasta sa wannan launi, gudun kada maharbi ya hangi ɗan'uwansa cikin duhuwa ya zaci nama ne. Kwana tara ake yi, sannan a rufe. Abin da suke nema barewa ce mai farar wutsiya, wadda ta fi tamu ta Sahel girma nesa ba kusa ba. Namijinta na da ƙaho mai rassa wanda yake zubewa kowane hunturu, ya sake tsirowa da bazara.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka al'adar kisa ce kawai. Ni kuwa abin da ya ja hankalina shi ne yawan takunkumin da ke cikinta. Kusan duk abin da ya sa wannan farauta ta rayu har yau hani ne: ranar da ba a harbi, dajin da ba a shiga, dabarar da ba a yi ko da za ta kawo nama. Kuma maharban ne da kansu suka fi kowa neman a sa musu wannan linzami.

Dalilin yana cikin tarihi. Zuwa wajajen 1900, masu farautar kasuwa sun kusa ƙarar da dabbar. Ana cika taragun jirgin ƙasa da nama da fatu zuwa manyan birane, har kiyasi ya nuna abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce rabin miliyan ba. A 1900 majalisa ta kafa dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman da aka harbe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka bi da hana sayar da naman daji. A 1937 aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, wanda yau kashi 11 cikin ɗari ne, kuɗin ana mayar wa jihohi ne su kula da namun daji da mazauninsu. Yau barewar ta kai wajen miliyan 30. Ta yi yawan da motoci ke karo da ita fiye da sau miliyan a shekara.

A nan ne tamu farautar ke faɗo wa mutum a rai. Mu ma muna da lokaci, bayan an kau da amfanin gona, da ganga da karnuka da sarkin dawa mai tsawatarwa. Amma kalandar noma ce ta yanka mana lokacin, ba haihuwar dabba ba, kuma ƙofar kasuwar naman daji ba ta taɓa rufuwa da gaske ba. Wanda ke son ganin gwanki ko kanki a yau sai dai ya nufi irin su Yankari.

Kakar farauta a can an gina ta ne a kan rayuwar barewar. Tana barbara a Nuwamba, ta ɗauki ciki na kwana 200 ko kusa da haka, ta haihu a ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Saboda haka ba mai taɓa ta da bazara, lokacin da 'ya'ya ke shan nono. A Wisconsin masu kwari da baka ne ke buɗe fage a tsakiyar Satumba, su ci gaba har farkon Janairu. Masu bindiga su yi kwana taransu, masu bindigar gargajiya mai ɗuri ta baki su biyo baya da kwana goma. Hatta sa'o'in yini an ƙayyade: daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa minti 20 bayan faɗuwarta. Kowane lasisi yana faɗin abin da mutum zai harba, namiji ko mace, kuma duk wadda aka kashe sai an yi mata rajista a hukuma.

Batun mace shi ne ya fi tayar da ƙura, kuma yana nuna cewa hani ma yana iya zama makanta. Tsofaffin maharba sun tashi da aƙidar cewa harbin macen barewa abin kunya ne, domin ita ce ta farfaɗo da garken. Aldo Leopold, malamin jami'ar Wisconsin da ya rubuta littafin koyar da kula da namun daji a 1933, ya ce garken ya fi ƙarfin dajin, yana cinye ƙananan itatuwa, ƙarshenta yunwar hunturu za ta kashe shi. Ya goyi bayan a rage mata a kakar 1943, aka yi, aka kuma yi masa ca a jaridu, har shekarar ta zama abin zagi a bakin maharba. Lokaci ya nuna gaskiya na wajensa. Har gobe hukuma na fama da masu son ƙaho, waɗanda za su bar mata goma su wuce suna jiran namiji ɗaya mai rassa da yawa da za a rataye a bangon falo.

Yawancin farautar dako ce. Mutum zai hau ɗan dandamali da ya ɗaure a jikin bishiya, tsayin gaba biyu ko uku daga ƙasa, ya zauna cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Zai fara duba inda iska ke kaɗawa, domin hancin barewa ya fi idonta. Ba tari, ba motsi, wani lokaci tun duku-duku har azahar. In ta fito, ba ko'ina ake harbi ba. Jira ake yi ta ba da gefe, a auna bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke. In ta tsaya ta fuskance shi, ko reshe ya gitta, ko akwai gida a bayanta, maharbin kirki sauke bindiga yake yi ya bar ta ta tafi.

Bayan harbi ne ake gane tarbiyyar mutum. Barewar da aka sama takan ruga, sai a bi sawun jini. Jini ja mai haske da kumfa alamar huhu ce, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, sai a dakata sa'o'i. In kuwa an ga ɗanyen abinci a ciki, tumbi aka samu, kuma wanda ya bi ta da gaggawa zai tashe ta daga inda ta kwanta, ta mutu can inda ba za a same ta ba. Sai ka ga dattijo durƙushe da tocila cikin dare, yana juya busasshen ganye ɗaya bayan ɗaya yana neman ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Babu ɗan sandan da ke kallonsa. Zai iya komawa gida ya ce ya kuskure, gobe ya harbi wata.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a ƙungiyar Boone da Crockett da Theodore Roosevelt ya kafa tare da abokansa a 1887, wadda ta yaɗa ra'ayin cewa dole a bar wa dabba damar tsira. Sai dai kayan zamani sun sa iyakar ta yi duhu. Akwai kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya tana aiko hoto zuwa waya. Akwai zuba masara a wuri guda don barewa ta saba zuwa, abin da wasu jihohi suka halatta wasu suka hana. Akwai kuma gandayen da aka kewaye da dogon shinge, ana kiwon maza masu manyan ƙahoni, attajiri ya biya dubban daloli ya shiga ya harba. Wannan na ƙarshe, a ganina, ba farauta ba ce. Yanka ne da aka yi masa ado.

Inda al'adar ke tangal-tangal da gaske shi ne batun ƙasa. A dokar Amurka naman daji na jama'a ne, gwamnati na riƙe da shi amana, amma ƙasar da yake tafiya a kai sau da yawa ta wani ce. Gwamnatin tarayya na da eka kusan miliyan 640, sai dai mafi yawansu a yamma suke da Alaska, alhali barewa mai farar wutsiya ta fi yawa a gabas da tsakiya, cikin gonakin mutane. A Texas kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasar mallakar mutane ce. A da, sallama a ƙofar manomi ta isa, in an yi sa'a a kawo masa cinya a matsayin godiya. Yanzu haya ake biya ta shekara, kuma mai kuɗi daga birni ya fi ɗan ƙauyen da ya tashi a dajin ƙarfin tayi. Wasu jihohin sun nemi mafita: Kansas da Montana na biyan masu ƙasa don su buɗe wa kowa, Wisconsin na rage haraji ga mai dajin da ya bar shi a buɗe. Duk da haka, a Wisconsin ko barewar da ka harba ta tsallaka ta faɗi a filin maƙwabci, ba ka da ikon ɗauko ta sai da izininsa. Ɗabi'a ta ce ka bi jini, doka ta ce ka tsaya a shinge.

Shari'ar da ta fi fito da wannan rikici a fili a Wyoming aka yi ta. Tun ƙarni na 19, lokacin da aka ba kamfanonin jirgin ƙasa filaye, aka yanka yankin kamar gidajen dara, ɗaya na gwamnati, ɗaya na mutum, filayen gwamnati ba sa haɗuwa sai a kusurwa. A 2021 wasu maharba huɗu daga Missouri suka zo da tsani, suka kafa shi a kan kusurwar, suka tsallaka daga filin jama'a zuwa filin jama'a ba tare da ƙafarsu ta taɓa na kowa ba. Mai gandun ya yi ƙara, yana cewa sun keta sararin samaniyar filinsa. A Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba maharban gaskiya, tana dogaro da wata doka ta 1885 da ta hana toshe wa jama'a hanyar shiga ƙasar gwamnati. Haka nan 'yan ƙabilar Ojibwe sai da suka kai 1983 kafin kotu ta tabbatar musu da haƙƙin farauta a ƙasar da kakanninsu suka sallama a yarjejeniyoyin 1837 da 1842.

Sai rashin lafiya, wanda ke shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko ta dabbar ce. Akwai cutar da ke cin ƙwaƙwalwar barewa har ta ƙanjame ta mutu, wadda aka fara gani a Colorado a 1967, aka tabbatar da ita a Wisconsin a 2002. Ba ta da magani, dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana daɗewa a cikin ƙasa. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana ɗauke da ita. Don haka maharbi a yankin da take yakan miƙa kan dabbar a gwada, ya bar naman a firiza yana jiran sakamako. Kaska ma na nan. Wata na kawo cutar Lyme mai ciwon gaɓoɓi da kasala, wata kuma cizonta kan sa jikin mutum ya daina karɓar jan nama gaba ɗaya, har da na barewar da ya harbo da hannunsa.

Ƙofa ta biyu jikin maharbin ce. Masu wannan al'ada suna tsufa, matasa ba sa shigowa kamar da. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke nakasa su, a jihohi da yawa ma ya fi harbin kuskure. Ga mai ciwon zuciya kuwa, babban haɗarin yana zuwa bayan an gama: jan gawa mai nauyin buhun hatsi a cikin dusar ƙanƙara, a kan tudu, nesa da asibiti. Wanda ke shan maganin cutar sankara ba ya jure sanyi, wanda kafaɗarsa ta lalace ba ya iya ɗana baka.

Yadda suke jurewa shi ne su rage, ba su daina ba. Wanda ya saba hawa bishiya ya sauko ya zauna a 'yar rumfa a ƙasa da na'urar ɗumama. Mai baka ya koma baka mai kunama, wanda a Wisconsin kafin 2014 naƙasassu da 'yan shekara 65 zuwa sama kaɗai aka yarje wa. Akwai izini na musamman da ke ba marar ƙafa damar harbi daga motar da ke tsaye. Wasu sukan je sansanin farauta ba da bindiga ba, su dafa wa 'ya'ya da jikoki abinci, su saurari labarin yini. Mai jinya yakan tsara ganin likita ta yadda Nuwamba za ta same shi a tsaye, kuma ban ga laifinsa ba, domin samun ranar da ake ɗokin zuwanta wani ɓangare ne na jinya. Abin da nake ganin wajibi a kansa shi ne gaskiya: in hannu ya fara rawa, a rage nisan harbi, in ido ya dushe, a miƙa bindiga. Rashin lafiya ba ta halatta a bar dabba da rauni a daji.

Tun 1990 Wisconsin ke ware kwana tara a farkon Oktoba don maharba masu naƙasa, lokacin da sanyi bai yi tsanani ba kuma keken guragu zai iya shiga gona. Tsari ne mai kyau, amma duk ya rataya ne a kan masu ƙasar da suka ga dama suka ba da filayensu. Marar lafiya ba zai iya tafiyar sa'a biyu cikin dajin gwamnati don ya guje wa cunkoso ba, kuma kuɗin da zai biya haya sau da yawa asibiti ya riga ya cinye. Duk gonar da aka rufe aka ba mai tsada haya, shi ne mutum na farko da ke rasa wurin zama.