Kwanon Jere Ba Ya Tuwo

Akwai wata na'urar kiɗa da ake kira sintetaiza modula. Duk wanda ya taɓa ɓata dare a YouTube yana kallon masu kiɗan lantarki na Turai ya gan ta: bango guda na ƙarfe, cike da maɓallai da ƴan fitilu, ga wayoyi ja da shuɗi da rawaya sun harɗe kamar saƙar gizo-gizo. A gabanta wani Bature yana murɗa wani abu a hankali, kai ka ce sarrafa jirgin sama yake yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bidiyon da na kalla na masu nuna irin wannan bango ba su ƙidayuwa, amma waƙoƙin da suka fito daga ciki har suka zauna mini a zuci, yatsun hannu sun ishe ni lissafinsu. Ina ganin laifin ba na kunnena ba ne kaɗai.

Bari in fara bayyana yadda abin yake aiki, don mu yi tafiya tare. Piyanon lantarki da muka saba gani a gidan biki, an gama haɗa shi tun daga masana'anta, kana danna shi yana amsawa. Ita modula gunduwa-gunduwa take zuwa. Wata gunduwar aikinta ta haifi sauti. Wata ta tace shi kamar yadda rariya ke tace gari. Wata ta tsara yadda zai tashi da yadda zai mutu, wata kuma ta jera amo ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ke jin maganar ƴar uwarta sai ka ɗauko waya ka haɗa su da hannunka, ƙarfin kuran da ke bi ta wayar shi ke ba da umarni. In ba ka haɗa komai ba, shiru za ka ji. In kuma ka zare wayoyin bayan ka gama, sautin da ka gina ya tafi ke nan, domin yawancin irin wannan na'ura ba ta da ma'ajiyar tunawa. Ku riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Mutum biyu ne suka fito da ita a Amurka wajen 1964, kowa da tasa hanya: Robert Moog a jihar New York, da Don Buchla a Kalifoniya. Waɗanda suka fara taɓa ta aiki suka yi da ita, kuma aiki mai wuya. Morton Subotnick ya kwashe fiye da shekara yana fama da na'urar Buchla kafin ya fitar da Silver Apples of the Moon a 1967. Wendy Carlos ta buga kiɗan Bach a kan Moog, na'urar da ba ta iya fitar da amo biyu lokaci guda, dole ta riƙa ɗaukar kowane layi shi kaɗai a kan zaren rikoda, tana ɗora wani bisa wani. Faifan, Switched-On Bach, ya fito a 1968, ya ci kyautar Grammy har uku. Daga baya, da Yamaha ta fito da DX7 a 1983, mai sauƙin ɗauka, mai tuna sautinta, sai aka juya wa manyan akwatunan nan baya, wasu aka sayar da su a arhar banza.

Wanda ya tashe ta daga kabari wani Bajamushe ne, Dieter Doepfer. A 1995 ya fito da tsarin A-100, ya rage girman gunduwoyin, ya tsayar da awo guda. Wannan awo ake kira Eurorack. Tun da awon ɗaya ne, kowane ƙaramin maƙeri zai iya yin tasa gunduwar ta shiga akwatin kowa. Yau maƙera sun kai ɗaruruwa, gunduwoyi dubbai, har kasuwar baje koli suke da ita a Balin kowace shekara, mai suna Superbooth.

To fa, a nan gizo ke saƙar. Shi akwatin Eurorack da gurabe yake zuwa. Faɗin kowace gunduwa ana auna shi da wani ma'auni da bai fi milimita 5 da ɗan ɗori ba, layi guda kuma kan ɗauki 84 ko 104 na wannan ma'auni. Duk gurbin da ba ka cike ba yana nan buɗe yana kallonka kamar giɓi a baki. Wanda ya sayi gurmi ya gama saye, saura koyo. Mai modula kuwa bai taɓa gama saye ba, domin kayan kiɗan nasa an ƙera shi ne a kan rashin kammala. Ranar da akwatin ya cika, sai ya ga ai ƙarin akwati yake buƙata. Akwai ma wani shafi mai suna ModularGrid inda mutum zai zauna ya jera hotunan gunduwoyin da bai saya ba tukuna, ya matsa wannan, ya cire wancan, ya kwana yana yi ba tare da ya ji sauti ko ɗaya ba. Gunduwa guda mai kyau kan kai yuro 300, wato kusan jika 200 na kuɗinmu. Ku lissafa bango guda da kanku.

Su ma Turawan sun san ciwon nasu. Tun 1996 Walter Becker, makaɗin ƙungiyar Steely Dan, ya yi rubutun barkwanci a mujallar Guitar Player a kan cutar tara gita, sunan da ya raɗa mata ya bi duk masu tara kayan kiɗa har yau. Amma a ganina cutar ta fi kama mai modula, saboda wani dalili na musamman. Mai tara gita ya san saye daban, kiɗa daban. Shi mai modula, zaɓen gunduwa da jera ta yana kama da ƙirƙira ƙwarai da gaske. Yana tunani, yana auna wannan da wancan, yana yanke shawara, yana jin gajiyar wanda ya yi aiki. Sai zuciya ta ba shi ladan mawaƙi alhali abin da ya yi cefane ne.

Shi ya sa bangon nan ke tuna mini da jeren ɗakin amarya. Kun san kwanonin nan na samira da langa-langa da ake jerawa tun daga ƙasa har kusa da rufi, ana goge su suna ƙyalli, ba wanda ya taɓa hawa murhu. Ni ban raina jere ba. Ado ne, mutunci ne, kuma ajiya ce ta ranar wuya, kamar yadda gunduwoyin nan ma sukan sayu in an matsu. Sai dai ban taɓa jin amaryar da ta nuna jerenta ta ce wa baƙi ga abinci ba. Tukunyar da ke ciyar da gida tana can madafa, baƙa ƙirin, gindinta duk toka. Ƙorafina a kan mai bango yana farawa ne daga ranar da ya kira jerensa girki.

In kuna son ganin tukunya, ku nemi aikin Éliane Radigue, wata Bafaranshiya da aka haifa a 1932. A farkon shekarun 1970 ta samu modula guda, ARP 2500, ta kai ta gidanta a Paris, ta zauna da ita kusan shekara 30. Ko allon dannawar ba ta amfani da shi, maɓallan kawai take murɗawa kaɗan-kaɗan tana ɗauka a zaren rikoda. Trilogie de la Mort, wanda ta yi tsakanin 1988 da 1993, ya kusa awa uku. Minti goma na farko za ka rantse injin niƙa ne ke gunji daga wata unguwa. In ka daure, sai ka fara jin amon yana numfashi, yana rabewa biyu, wani yana tasowa ƙarƙashin wani, har ka kasa faɗin lokacin da abin ya sauya. Irin wannan ji ba ya zuwa cikin kwali daga kanti. Sanin halin na'ura guda ne, kamar yadda makiyayi ke gane kukan kowace saniya a garkensa.

Mu ma a nan muna da shaida, ko da yake ba modula ba ce. Mamman Sani ya samu ogan guda ta Italiya, ƙirar Orla, a shekarun 1970. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kaset ɗinsa. Kofen da aka buga kaɗan ne, amma kiɗansa ya shekara da shekaru yana cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, iyayenmu sun san amon ko da ba su san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi da sunan La Musique Électronique du Niger, yau ga shi ana sauraronsa a ƙasashen da masu bangon suke. Ku saurare shi da kyau: bugun gangar na'urar ba shi da wani yawa, sautin ogan ɗin siriri ne, amma ya lanƙwasa ta har ta bi karin waƙoƙinmu na gargajiya, abin da masu ƙera ta ba su taɓa mafarki ba. Haka Hama, shi ma ɗan Yamai, wanda kiɗansa ya yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin faifansa Torodi ya fito a 2015, da ƙaramin piyanon Yamaha ya fara. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa tsirkiya guda gare shi.

Na san wani zai ce, wato talauci nake yabo ke nan? A'a, wallahi. Rashin kuɗi da ɗaukewar kuran sun kashe waƙoƙin da ba mu san adadinsu ba, ba kuma zan yi wa wannan kirari ba. Yawan kaya ma ba laifi ba ne a kan kansa. TONTO, wadda Malcolm Cecil da Robert Margouleff suka harhaɗa, ɗaki guda ce cur, amma da ita Stevie Wonder ya yi Talking Book da Innervisions a 1972 da 1973. William Onyeabor na Inugu ya tara na'urori masu tsada a ɗakin ɗaukarsa, ya kuwa fitar da faifai bayan faifai daga 1977 zuwa 1985. Masu tarawa don adanawa su ma sun yi rana: TONTO tana nan a cibiyar kiɗa ta ƙasa da ke Calgary a Kanada, an gyara ta, ana barin makaɗa su yi aiki da ita. Da ba don masu irin wannan hali ba, da yawancin tsofaffin na'urorin sun ƙare a bola. Ma'aunina guda ne: me ya fita daga ɗakin, wa kuma ya ji shi?

Ga inda maganar rashin tunawa ta dawo. Tun da na'urar tana mantawa da zarar an zare waya, abin da kawai ke saura shi ne wanda aka ɗauka aka ce an gama. Cewa an gama kuwa akwai tsoro a ciki, domin daga nan ne mutane za su ji, su ce ya yi ko bai yi ba. Muddin mutum yana jiran gunduwa ta gaba, ba wanda zai yanke masa hukunci, kullum yana da uzuri. Ina zargin da yawan masu bango ba sauti suke nema a kanti ba, mafaka suke nema daga ranar hukuncin masu saurare.

Kada mu yi musu dariya da yawa, don mu ma muna da namu jeren, na marasa kuɗi. Leƙa kwamfutar duk wani yaro mai haɗa kiɗa a Maraɗi ko Damagaram, za ka tarar da FL Studio cike da ƙarin manhajoji da tarin sautukan da ya kwaso wurin abokai, ga somin waƙa hamsin, kowace sakan talatin, ba wadda ta kai ƙarshe. Ita modular ma yanzu akwai ta kyauta a kwamfuta, VCV Rack, tun 2017, da gunduwoyi fiye da yadda mutum zai iya gwadawa a shekara. Mu marubuta fa? Wayoyinmu maƙil da littattafan da muka sauke ba mu buɗe ba, ga sabon kaye da aka rubuta taken labari a shafin farko, sauran fari fat.

Shawarata ga mai son gwadawa: ka sauke VCV Rack, ka zaɓi gunduwa biyar, ka haramta wa kanka ta shida har wata uku. Kowane mako ka ɗauki minti uku na kiɗa, ka sa masa suna, ka tura wa abokin da ba ya jin kunyar gaya maka gaskiya. Na farko zai yi muni, na biyu ma haka. Ka ci gaba da turawa. In wata ukun sun cika kuma kunnenka ya gaya maka takamaimai abin da ya rage, to lokacin ƙara ta shida ya yi.