Dabarun Sanyaya Tocilar LED Mai Ƙarfi ta Haɗin Gida

Ƙwan LED mai ƙarfi ba ya mayar da duk wutar da yake ja ta zama haske. Fiye da rabinta zafi take komawa, kuma zafin yana taruwa ne a ɗan wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Kamfanin Cree ya sanya digiri 150 a ma'aunin Salshiyas a matsayin iyakar zafin da cikin ƙwayayensa irin su XM-L da XHP70 zai jure. Tun kafin a kai nan haske yake fara dusashewa, ƙwan kuma ya soma tsufa da wuri. Don haka babban aikin mai haɗa tocila shi ne ya shimfiɗa wa zafi hanya daga bayan ƙwan har zuwa iskar waje, ba tare da ta yanke ba.

Hanyar tana farawa daga ɗan allon da ake liƙa ƙwan a kai da dalma. Allon alminiyam na gama-gari yana da siririn rufi mai tare lantarki, sai dai rufin yana tare zafi shi ma. Shi ya sa gwanaye suka fi son allon jan ƙarfe irin su Noctigon da SinkPAD, inda gindin ƙwan yake zama kai tsaye a kan ƙarfe. Jan ƙarfe ya kusan ninka alminiyam saurin ɗaukar zafi, amma ya ninka shi nauyi fiye da sau 3, ga tsada. Saboda haka akan sa shi kusa da ƙwan, a yi gangar jikin da alminiyam.

Mahaɗar allo da gangar jiki ita ce inda aiki ya fi lalacewa. Ƙarfe biyu, komai santsinsu, sukan bar ƙananan ramukan iska a tsakaninsu, iskar da ta maƙale kuwa ba ta wuce da zafi sosai. Maganin shi ne a goge fuskokin su miƙe, a shafa man nan mai kauri da masu gyaran kwamfuta suke amfani da shi, sannan a matse da kusoshi. Shafawar ta zama ƴar kaɗan, domin man ya fi iska amma bai kai ƙarfe ba. Idan ya yi yawa shi ma shinge ne.

A nan ya kamata a bambanta nauyi da faɗi. Dunƙulen ƙarfe mai nauyi yana shanye zafi na ɗan lokaci ne kawai, sannan ya cika. Abin da ke sallamar zafin shi ne faɗin fuskar da iska take taɓawa, kamar yadda shayi ya fi saurin hucewa a faranti. Wannan ne dalilin tsage-tsagen da ake yi wa kan tocila.

Idan ƙarfin ya kai wat 100, zafin ya yi kusa da na ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur, kuma iskar da ke tsaye ba za ta isa ba. Sai a ari kayan sanyaya kwamfuta: fanka, da bututun jan ƙarfe rufaffe mai ɗan ruwa a ciki, wanda yake zama tururi a gefen zafi ya koma ruwa a gefen sanyi. Wasu har famfo da lagireto suke haɗawa. Ko tocilar kanti irin Imalent MS18 da fanka take zuwa. Sai dai fanka tana cin batir, tana ƙara, tana kuma buɗe wa ƙura da ruwa ƙofa.

Kariya ta ƙarshe tana cikin na'urar da ke daidaita wutar ƙwan. Manhajar Anduril, alal misali, tana auna zafi ta rage haske da kanta idan ya wuce iyakar da aka sa. Wannan yana kare hannun mai riƙo, yana kuma kare batirin litiyam irin 18650, wanda bai kamata ya haura digiri 60 ba.

Yanayin wuri ma yana shiga lissafi. A Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, ƙarfen da ya wadatar a ƙasa mai sanyi zai gaza, ƙurar hunturu kuma tana toshe tsage-tsage da fanka. Saboda haka ba a yanke wa tocila hukunci da walƙiyar kunnawar farko. Sai an bar ta a kunne har zafin jikinta ya daina hawa, hasken da ya rage a lokacin shi ne ainihin ƙarfinta.