BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN MAKOMAR OTAL ƊIN BAGAUDA BAYAN ƁALLEWAR MADATSAR RUWA TA 1988

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan masaukan baƙi da ke yankin Fagge da Sabon Gari, tun daga gidajen fatoma na zamanin fatauci, lokacin da Fagge take zangon ayarin Buzaye da Larabawa, har zuwa otal-otal na zamani waɗanda suka biyo bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da saukar jirgin sama na farko a 1925. A wannan babi kuwa za a fita wajen birni, a dubi otal guda ɗaya wanda ya dogara da baƙin da suke shigowa ta wannan yanki, wato Otal ɗin Tafkin Bagauda da ke ƙasar Bebeji. An zaɓe shi ne saboda shi ne fitaccen wurin shaƙatawa a jihar Kano wanda masifa ta afka wa, ya durƙushe, sannan aka yi yunƙurin ceto shi. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin abin da aka yi wa wannan otal farfaɗowa ce, ko kuwa an ceci gine-ginen ne kawai aka bar otal ɗin ya mutu?

4.1 Asalin Otal Ɗin da Manufar Gina Shi

Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma babban abin da ake tunawa da shi a kai shi ne madatsun ruwa. Madatsar Bagauda tana cikin na farko da gwamnatinsa ta gina, kafin ta Tiga wadda aka kammala a 1974. An raɗa mata sunan Bagauda, wanda tarihin Kano ya nuna shi ne sarki na farko, wanda ya fara mulki a shekarar 999. A bakin tafkin da madatsar ta tara aka gina otal mai ɗakunan taro da ƙananan gidajen kwana masu zaman kansu.

Idan aka yi la'akari da sauran ayyukan wannan gwamnati, za a ga cewa otal ɗin ba shi kaɗai aka yi tunaninsa ba. Akwai gidan namun daji na cikin gari, da Otal ɗin Daula a kan titin Murtala Muhammad, da Otal ɗin Rock Castle a Tiga, da kuma gandun dajin Falgore a can kudu. Wato ke nan baƙo zai sauka a filin jirgin sama da ke ƙasar Fagge, maƙwabcin unguwar Kwaciri, ya kwana a cikin gari, ya zaga kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, sannan ya fita Bagauda ya huta a bakin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana ciyar da ɗan'uwansa da baƙi.

A shekarun arzikin man fetur wannan tsari ya yi aiki. Otal ɗin ya zama matattarar manyan tarurruka na ƙasa. Alal misali, a watan Satumba na 1980 an gudanar da wani taron ƙara wa juna sani a kan yawa da ingancin ilmi a Nijeriya a can, wanda har yau masana harkar ilmi suke kiransa da sunan taron Bagauda.

4.2 Ɓallewar Madatsa da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Agusta na 1988, bayan an shafe kwanaki ana tafka ruwan sama, madatsar Bagauda ta ɓalle. Alƙaluman da aka fi ambata a rahotanni sun nuna cewa mutum 146 sun rasu a ambaliyar, kuma gidaje kimanin 18,000 sun rushe, ban da gonaki da dabbobi. Babu shakka asarar rayuka da ta talakawan da ke zaune a ƙasan madatsar ita ce babbar masifa, kuma ta fi ta kowane otal nauyi.

Amma ta fuskar otal ɗin, abin lura shi ne irin ɓarnar da ta same shi. Otal na cikin gari, idan gobara ta ci shi, ana sake rufi a yi fenti, baƙi su dawo, domin abin da ke kawo su gari yana nan. Shi kuwa otal na shaƙatawa jarinsa ba ɗakuna ba ne, jarinsa shi ne abin da mutum zai bar gida ya yi tafiyar kusan sa'a guda a mota domin ya gani. A Bagauda wannan abu shi ne ruwa. Ranar da madatsar ta ɓalle tafkin ya tsiyaye, dalilin zuwa wurin ya tafi tare da shi.

Bugu da ƙari, masifar ta zo a mummunan lokaci. Tun 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu wanda aka fi sani da SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injin wuta da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka yi tsada. Ma'aikatan gwamnati da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda su ne za su kai iyalansu hutun ƙarshen mako, sun koma neman abin sawa a baki. Daga baya an sake gina madatsar, ruwa ya dawo, amma otal ɗin bai koma matsayinsa na da ba. Wannan ya nuna cewa ambaliya ta buge shi ne a lokacin da ya riga ya fara rauni, kuma dawo da ruwa kaɗai bai isa ya dawo da baƙi ba.

4.3 Ma'aunin Farfaɗowa

Kafin a yanke hukunci a kan abin da aka yi a Bagauda, ya kamata a sami ma'auni. Misalai biyu daga ƙasashen waje za su taimaka.

Na farko shi ne Otal ɗin Taj Mahal Palace na birnin Mumbai a ƙasar Indiya, wanda aka buɗe a 1903. 'Yan bindiga sun kai masa hari a watan Nuwamba na 2008, wuta ta ci wani sashe na tsohon ginin. Kafin wata guda ya cika an sake buɗe sabon ɓangaren otal ɗin, sannan aka buɗe tsohon ginin a watan Agusta na 2010 bayan an gyara shi bisa kamanninsa na asali. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne otal ɗin yana da mai shi sananne, wato kamfanin Tata, kuma an yi hanzari kafin ma'aikata su watse, kafin baƙi su saba da wani wuri.

Na biyu shi ne Otal ɗin Coco Palms da ke tsibirin Kauai a jihar Hawayi ta Amurka, wanda aka buɗe a 1953. Mahaukaciyar guguwar Iniki ta lalata shi a watan Satumba na 1992. Maimakon a gyara shi nan take, sai ya riƙa sauya hannu daga wannan kamfani zuwa wancan, gobara ta ƙara cin wani sashe a 2014, ga kuma taƙaddama da 'yan asalin tsibirin waɗanda suke ganin filin wuri ne mai alfarma na sarakunansu na da. Haka ya shafe fiye da shekara talatin a rufe, duk da cewa yana ƙasar da ta fi kowace arziki.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a sami mai alhakin wurin guda ɗaya wanda asarar za ta taɓa aljihunsa. Na biyu, a yi gyara da wuri, domin gini da babu kowa a ciki damina biyu ko uku sun ishe shi: rufi ya fara yoyo, gara ta shiga katako, ɓarayi su kwashe wayoyi da famfuna. Na uku, a dawo da abin da ke kawo baƙi, ba ɗakunan kwana kaɗai ba.

4.4 Mayar da Otal Makarantar Lauyoyi

A farkon shekarun 2000, lokacin da aka ƙara wa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya rassa a wajen Legas da Abuja, an ba ta harabar Otal ɗin Bagauda ta zama reshenta na Kano. Wannan mataki shi ne ya yanke makomar wurin, kuma yana da fuska biyu.

Ta fuskar amfani, dole a yarda cewa ya ceci gine-ginen. Ɗakunan baƙi sun zama ɗakunan ɗalibai, ana share harabar, ana gadinta. Haka kuma kowace shekara ɗalibai daga sassan ƙasar nan daban-daban suna zuwa su zauna na tsawon watanni, masu abinci da masu wanki da direbobi na ƙauyukan kewaye suna samun abin yi. Ga jihar da take kukan ƙarancin cibiyoyin tarayya, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Masu iya magana suna cewa da babu gara ba daɗi.

Sai dai kuma idan aka ɗora wannan mataki a kan ma'aunin da aka kawo a sama, za a ga ya cika sharaɗi na farko ne kawai. An sami mai kula da wurin, amma an same shi bayan fiye da shekara goma da aukuwar masifar, kuma abin da ya karɓa ya daina zama otal. Makaranta wuri ne mai ƙofa da mai gadi, ba a shigarta sai da dalili. Magidancin da ke Kwaciri ko Sabon Gari wanda a da zai iya ɗaukar iyalinsa ranar hutu ya kai su bakin tafki, yanzu ba shi da wannan masauki. An gina wurin da kuɗin jama'ar Kano domin jama'a, ya koma na rukuni guda.

Illa ta biyu ta shafi tsarin da aka bayyana a 4.1. Da aka zare Bagauda daga cikinsa, kuma Rock Castle na Tiga shi ma ya shiga halin watsi, sai Kano ta zama garin da baƙo yake zuwa ya yi ciniki ya juya. Wanda ya zo sarin atamfa a Kantin Kwari ko canjin kuɗi a Wapa ba shi da dalilin ƙara kwana biyu. Kwanan da baƙo bai ƙara ba kuwa asara ce ga direban tasi na filin jirgi, da mai otal na Sabon Gari, da baduku mai sayar da jaka a Kurmi. Irin wannan asara ba a ganinta a kasafin kuɗin gwamnati, shi ya sa ba a cika lissafa ta ba.

4.5 Kwatanci da Otal Ɗin Daula

Duk da wannan suka, adalci ne a kwatanta Bagauda da takwaransa na cikin gari. Otal ɗin Daula babu ambaliyar da ta taɓa shi, amma ya lalace a hannun gwamnati. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje an miƙa filinsa ga 'yan kasuwa, aka yi sababbin gine-gine a wurin. A watan Yuni na 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, sabuwar gwamnati ta rushe waɗannan gine-gine, magana ta koma ta neman diyya. Haka ma a Kaduna, Otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin FESTAC na 1977 ya daɗe a yashe ana shari'a a kansa, har aka rushe shi a watan Janairu na 2020.

Wato ke nan otal ɗin da masifa ta buga yana nan a tsaye ana amfani da shi, waɗanda masifa ba ta buga ba sun zama fili. Wannan ya tabbatar da cewa babban abin da ke kashe irin waɗannan wurare a Arewa ba ruwa ba ne, ba kuma wuta ba. Rashin tsayayyen mai kula ne, da ɗabi'ar ɗaukar kayan gwamnati a matsayin abin da ba na kowa ba, da kuma yadda kowace sabuwar gwamnati take warware abin da ta gada.

4.6 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda aka gina Otal ɗin Bagauda a matsayin sashe na wani babban tsari na jawo baƙi, da yadda ɓallewar madatsa a 1988 ta raba shi da jarinsa a daidai lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, da yadda aka mayar da shi makarantar lauyoyi. Hukuncin da nazarin ya kai gare shi shi ne an ceci ginin, amma ba a farfaɗo da otal ɗin ba. Matakin ya fi watsi, ya fi rusau nesa ba kusa ba, sai dai bai maye wa jama'a gurbin abin da suka rasa ba.

Tafkin yana nan, saboda haka ƙofar gyara ba ta rufe ba. Ana iya keɓe wani gefe na bakin ruwan a yi wurin hutawa na iyali, a damƙa shi ga mai gudanarwa bisa yarjejeniya rubutacciya wadda sauyin gwamnati ba zai shafe ta ba. Amma kafin a sa tubali ko ɗaya, wajibi ne a fara da lafiyar madatsar kanta da ta 'yan'uwanta na Tiga da Challawa, domin ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 sakamakon ɓallewar madatsar Alau ta nuna cewa abin da ya faru a 1988 yana iya sake faruwa. A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da shawarwari na aikin gaba ɗaya.