Karkuzu Ba Mabaraci Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ke ci min tuwo a ƙwarya. Da zarar tsohon ɗan wasan kwaikwayo ya kwanta ciwo, sai samari su yi masa dirar mikiya da wayoyi. A haska fuskarsa, a haska tabarmar da yake kwance a kai, a ce, "Baba, gaya wa duniya halin da kake ciki." Kafin la'asar bidiyon ya zaga Facebook da TikTok, da lambar asusu a ƙasa.

Da wannan fuskar yaranmu suka san Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara, kafin ya rasu a Jos a 2025: tsoho mai larurar ido, yana neman taimako. Mu nan Keffi ba baƙonmu ba ne, domin jiha ɗaya muke da Jos har aka yanke Nasarawa daga Filato a 1996. Mutumin da a da ake barin tuwo ya huce don a kalle shi a talabijin ɗin maƙwabta, yau an wayi gari an fi ganin hawayensa fiye da wasansa. Wannan abu yana min ciwo.

Na yarda, bidiyon ya yi rana, tunda Ahmed Musa ɗan ƙwallo ya saya masa gida. Allah ya saka masa da alheri. Amma ina wasan?

Da Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya rasu a 2023, kowa ya ɗora hotonsa da addu'a. Mutum nawa suka ɗora cikakken shiri ɗaya, a ji yadda Banufen nan, tsohon soja na gaske, yake cakuɗa Hausar bariki da Turancin buroka har ciki ya yi ciwo? Haka aka yi da Kasimu Yero da ya rasu a 2017. Wanda ya fito a Karambana da Magana Jari Ce, ya kuma zama Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, sai guntayen hotuna masu dishi-dishi.

Ku dubi Italiya. Bartolomeo Pagano ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Genoa, aka ɗauko shi ya fito a fim ɗin Cabiria a 1914. Shekara fiye da ɗari ke nan, amma an gyara fim ɗin, ana kallonsa har gobe. Namu na shekarun 1980 fa?

Kada a ce ba zai yiwu ba. Shehu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976, an zaƙulo shi, an gyara shi tare da Jamusawa, an nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa kuma a Jos take, ba wata tafiya ba ce daga nan. 'Yan Kannywood da suka gaji sana'ar, da ɗaliban wasan kwaikwayo na jami'armu ta Keffi, su bi sawun kaset-kaset ɗin tsofaffin wasannin nan tun ƙura da danshi ba su gama cinye su ba. Dattawan da suka rage kuwa, in za a kai musu waya, a tambaye su yadda suke tsara wasa, wa ya koya musu, nawa ake biyansu.