Fina-finan da na kalla a 2024: na duba ko'ina ban ga ɗan Sabo ba

Tun ina saurayi nake da wata ɗabi'a da uwargida ke kira aikin banza. Duk fim ɗin da na kalla sai na rubuta sunansa a bayan wani tsohon littafin lissafin shago, in ba shi maki, wani lokaci har da 'yar magana ɗaya ko biyu. Da shekarar 2024 ta ƙare na zauna na ƙirga, sai na ga 43, ban da masu dogon zango da ake bi mako-mako. Ku kwantar da hankalinku, ba zan jero muku su ba, don fiye da rabinsu ko kuɗin datar da suka ci ba su biya ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani abu da na lura da shi bayan na gama ƙirgar. A cikin 43 ɗin nan na ga sarakunan Oyo, na ga attajiran Kano, na ga 'yan daban Legas, na ga Indiyawa suna zuba Hausa kamar a Fagge aka yanke musu cibiya, amma ban ga mutum ɗaya mai kama da mu ba, mu da aka haifa a nan Sabo.

Da A Tribe Called Judah na buɗe shekarar. Fim ne na Funke Akindele, ya fito a Disambar 2023, kuma shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen sinima. A Janairu ni da ƙanena muka shiga Micra daga Mokola muka nufi Dugbe, don mu ga abin da ya sa gari ya ɗauka. Labarin wata uwa ce mai 'ya'ya maza biyar, kowanne da ubansa, kowane uba da ƙabilarsa. Ciwon ƙoda ya kama ta, kuɗin magani ya gagara, sai 'ya'yan suka haɗa baki za su sace dalolin da wani mai kantin kujeru ya ɓoye. Fim ɗin ya yi, ba ƙarya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masallaci bayan Magariba yana neman taimakon kuɗin wankin ƙodar wani nasa, zai ji abin har cikin ƙashinsa. Na yi dariya, can wajen ƙarshe kuma sai da na yi ta kallon silin don kada ƙanena ya ga idona.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan sunansa Adamu, ubansa Bahaushe, kuma Uzee Usman ne ya fito a matsayinsa. Da aka nuno sana'arsa sai ƙanena ya zungure ni, ya ce, "Yaya, ka ga aikin da aka ba namu?" Gadi ne. Don a yi adalci, ba irin mai gadin da muka saba gani a fina-finan Kudu ba ne, wanda ke zaune kan benci da rediyo a kunne, yana gyangyaɗi, ana kiransa aboki yana washe baki yana musanya "f" da "p" don 'yan kallo su ƙyalƙyale. Adamu yana da hankali, yana da mutunci, ana shawara da shi. An samu ci gaba ke nan. Sai dai har yanzu idan marubucin Legas ya rufe ido ya ce bari ya hango Bahaushe, bakin ƙofa yake hango shi. Gadi sana'a ce ta halak, da yawa daga cikin iyayenmu da ita suka ciyar da mu. Amma a unguwar nan kaɗai akwai 'yan canji, akwai dillalan shanu, akwai malaman makaranta, nas-nas, teloli, lauyoyi, har da yaran da ke gyaran waya. Kullum gadi?

Tsakiyar shekara ta tafi ne a kan fina-finan Yarbawa na tarihi, kuma a nan dole in cire hula. Jagun Jagun na Femi Adebayo tun 2023 ya fito a Netflix, ni ne na makara ban kalla ba sai bayan ƙaramar Sallah. Sai House of Ga'a na Bolanle Austen-Peters da ya fito a Yuli, labarin Bashorun Ga'a, wanda ya riƙa naɗa Alafin yana tuɓewa a tsohuwar daular Oyo a ƙarni na 18, har Alafin Abiodun ya kawo ƙarshensa. Femi Branch ya riƙe rawar nan da kyau. Kana kallon yadda mutum ke tashi daga jarumin da gari ke alfahari da shi ya koma dodon da kowa ke tsoro, kuma ba dare ɗaya abin ya faru ba, a hankali ya riƙa cinsa kamar gara. Jini ya yi yawa, kuma akwai wuraren da sai da na yi wuf na kai hannu kan rimot, saboda haka ban ba da shawarar a kalla da yara ba. A Disamba kuma Seven Doors ya zo, sarki Bayarabe da matarsa 'yar ƙabilar Ibo, Chioma Akpotha ce ta fito a matsayinta, kuma ita ce ta fi kowa a wasan in don ta ni ne.

Mu 'yan Sabo muna da wata riba a nan da 'yan'uwanmu na Arewa ba su da ita: ba ma buƙatar karanta rubutun ƙasan allo. Karin maganar da tsoho ya jefa, kirarin da maroƙi ya yi, habaicin da kishiya ta sakar wa kishiya, duk kai tsaye suke shigar mana. Sau da yawa nakan ga fassarar Turancin ta zubar da rabin daɗin maganar a ƙasa.

Gaskiya sai da kishi ya kama ni. Mutanen nan sun ɗauki tarihinsu da muhimmanci, sun gina gari guda saboda fim, sun ɗinka kaya, sun nemo dawakai. Mu fa? Amina da aka sa a Netflix a 2021, labarin sarauniyar Zazzau, da Turanci aka yi shi. Wajen ƙarshen shekara sai muka ji labari mai daɗi, an zaɓi Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, har da Adam A. Zango a ciki, ya wakilci Najeriya a gasar Oscar. Na yi murna, na shiga nema. Na tambayi yaron da ke tura mana fim a waya, na tambayi abokai, har shekara ta ƙare ban sa shi a ido ba. Fim ɗin da aka aika Amurka da sunanmu, alƙalan can sun gani, ni da ke Badun ban gani ba. Ban sa masa maki ba, na bar layinsa a buɗe.

Ɓangaren Kano kuwa, kusan komai ya koma YouTube da Arewa24. Daren Juma'a a gidanmu na Labarina ne, kuma idan aka ɗauke wuta sai a taru a kan waya ɗaya, kai bisa kai. Zangon Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya koma talaka don ya gane mai sonsa tsakani da Allah, tsohon labari ne da ko kakanninmu sun san irinsa a tatsuniya. Abin da ya riƙe shi shi ne Sadiq Sani Sadiq, mutumin da ya iya yin shiru a gaban kyamara, da kuma hannun Aminu Saira, wanda ya san inda zai ajiye magana ta zauna. Hausarsu tana da daɗi, kuma ina cewa yarana su buɗe kunne, don a nan suke jin kalmomin da ba za su ji a layinmu ba. Laifinsa shi ne laifin kusan duk masu dogon zango: jan rai. Abin da za a gama a minti biyar sai a kai shi mako uku. A shiga mota a nuna, a fito a nuna, a buɗe get a nuna, a zauna a falo a maimaita abin da muka riga muka gani da idonmu. Na san dalili, tsawon shiri da yawan makonni su ne kuɗin talla. Amma datar da ke ƙonewa tawa ce, kuma kowa ya san yadda 2024 ta kasance wa aljihu. Izzar So kam na sallama tun tuni, na bar wa uwargida, ita take ba ni labari a taƙaice.

A watan Afrilu, ana shirin Sallah, aka yi rasuwar Saratu Giɗaɗo, Daso. Allah ya jiƙanta da rahama. Rasuwarta ta sa na koma kan tsofaffin fina-finai na 'yan makonni, har na kai ga Sangaya, wanda muka kalla a kaset muna samari, ɗaki cike, ana ta zufa. Hoton ya dusashe, sautin yana ƙara, amma labarin yana da kai yana da ƙafa, ya fara ya ƙare. Na Indiya masu fassarar Hausa kuwa na kalli kusan goma, ba na iya bambance su yanzu, in ban da cewa masu fassarar Algaita sun fi wasu marubutanmu iya sarrafa harshe.

Yanzu bari in dawo kan abin da ya dame ni. A fim ɗin Kano, idan aka ce wani ya tafi Legas ko Kurmi, to ya fita daga labari ke nan. Ko dai ya dawo da kuɗi, ko ya dawo a lalace, amma kyamara ba ta binsa ta ga inda ya sauka, wa ya karɓe shi, a gidan wa ya kwana. In kuwa Bayarabe ya shigo fim ɗin Hausa, da ƙatuwar hula da gurɓatacciyar Hausa zai shigo don a yi dariya. Ashe abin da muke kuka da shi ana yi mana, mu ma muna yi wa maƙwabtanmu. Daɗin Kowa na Arewa24 ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen nuna gari mai ƙabilu da addinai a cakuɗe, amma can Bahaushe ne mai gari, saura ne baƙi. Namu zaman akasin haka ne, kuma ba wanda ya juya hoton ya duba ta wannan gefen.

Wanda ya fi kusa shi ne wani tsohon fim da na sake kallo ranar hutun 'yancin kai, October 1 na Kunle Afolayan, na 2014. Marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda ɗan Arewa da Turawa suka tura wani garin Yarbawa ya binciko mai kashe 'yan mata, ana saura kwanaki a ba da mulki a 1960. Ban taɓa ganin an ba Bahaushe girma irin haka a fim ɗin Kudu ba, shi ne mai hankalin, shi ne mai tambaya, shi ne wanda ya ƙi a rufe gaskiya. Akwai kuma wani baƙo ɗan Arewa da aka kama bisa zargi, aka kashe shi kafin gaskiya ta fito. Duk wanda yake garin nan a Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, ya san yadda ƙirji ke bugawa idan abu ya faru aka fara waige-waigen baƙo. Shi kansa Sadiq Daba a Saliyo ya taso, watakila shi ya sa ya san yadda mutum ke tsayawa a ƙasar da ba a jin harshensa. Duk da haka Waziri baƙo ne, da tafinta yake yawo, ya gama aikinsa ya tafi. Mu ba tafiya za mu yi ba. Tun 1916 aka kafa Sabo, kakana goro ne ya kawo shi, a nan aka binne shi, a nan aka binne mahaifina.

Kuma ba labari muka rasa ba. Ga maigidan da a da fatake ke sauka a gidansa, ya ba su masauki, ya sayar musu da shanu bashi a kan amana, ba takarda ba sa hannu, in mahauci ya gudu da kuɗi shi zai biya. Har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a unguwar nan ya rubuta littafi guda a kan wannan harka, aka buga a 1969, mu kuwa ko minti talatin ba mu ɗauka ba. Ga ɗan canjin da dala ta tashi ta faɗi a kansa cikin mako ɗaya a 2024. Ga yarinyar da uwarta Bayarabiya ce, dangin uwa suna ce mata 'yar Gambari, dangin uba suna ce mata 'yar Yarbawa. Ga yaron da aka tura karatu Arewa, ya sauka a tasha yana murna ya zo gida, ya buɗe baki sai aka ce, "Kai ɗan Kurmi ne ko?" Wannan na ƙarshen ni ne, kuma har yau ban manta dariyar da aka yi ba.

Na yi wannan ƙorafin a majalisarmu ta bakin masallaci, sai wani dattijo ya ce, "Malam, wa kake jira ya yi maka? Na Kano bai san hanyar Mokola ba, na Legas kuma ta gilashin mota yake ganinka." Ban samu amsar ba shi ba. Yaran layinmu dai suna ɗaukar 'yan gajerun wasannin barkwanci da waya suna sawa a TikTok, Hausa da Yarbanci a cakuɗe yadda muke yi a gida, kuma na ga biyu ko uku da suka fi wasu daga cikin 43 ɗina ma'ana. Na ce wa ɗayansu in ya shirya yin mai tsawo ya zo, zan ba shi aron shagona ranar Lahadi, da labarin tashar nan kyauta. Ya ce zai yi shawara da abokansa, amma sai in san cewa janareta da mai a wuyana suke.